Ƙafar Da Na Roƙa

Nonouti, bayan Ista

Zuwa ga 'yata Teretia,

Mauri, 'yar nan. Ina gaishe ki gaisuwar uwa. Ya jikinki, ya sanyin Ostireliya, ya tsofaffin da kike yi wa wanka? Ina fatan suna lafiya, tunda su sun samu mai kula da su. Arieta matar katikis, malamin cocinmu, ce take rubuta mini. Ta sa tabarau ta zauna a tabarmata, na kuma ce mata abin da ya fito bakina ta sa shi yadda yake, kada ta yi masa kwalliya.

Na san labari ya riga ya zo miki ta waya, amma waya ba ta san wata magana ba sai "da sauƙi". To ba da sauƙi ba ne. Mijinki Ioteba ya faɗo daga doguwar kwakwar nan ta bayan rijiya, ƙafarsa ta dama ta karye a ƙwauri.

Da safe ne. Yana sama yana yankan furen kwakwa don karewe, ruwan zaƙin nan da muke sha, ya ɗiga, yana waƙar nan tasu ta mutanen arewa marar kai marar gindi, ni ina ƙasa ina hura wuta. An yi yayyafi, matakin da ya sassara a jikin bishiyar ya yi santsi. Sai waƙar ta yanke a tsakiya. Na ji ƙarar, Teretia. Wanda ya taɓa jin ƙashin mutum ya karye ba ya ɗaukarsa ƙarar reshe.

Kafin in kai wurin maza sun taru, kowa ya zama maɗori. Rotan, wanda ko kifi bai iya gyarawa ba, ya kama diddigen yana cewa, "Gocewa ce kawai, ku danne min kafaɗunsa in ja, yanzu za ku ji ta koma." Wani ya kawo babur wai a goya shi zuwa wurin nas, ƙafa tana lilo. Da itacen wuta a hannuna na iso. Na ce, "Rotan, sake ta, ko in manna maka wannan a inda matarka za ta yi tambaya." Ya sake.

Gocewa a gaɓa take yi. Wannan tsakiyar ƙwauri ce, inda Allah bai sa gaɓa ba, ga ta a lanƙwashe. In aka ja ta da hauka tsinin ƙashin ya huda fata ya leƙo, an shiga wani labarin daban. Kakanki ya yi ɗori a tsibirin nan tun kafin a haife ni, ni nake riƙe masa mutane tun ina 'yar mitsitsiya, kuma karayar da ƙashi ya leƙo waje ita kaɗai na ga yana tsoro. Yakan rufe ta da tsumma mai tsabta, ya ce a nemi kwalekwale a kai wurin masu allura, don in ƙazanta ta shiga ɓargo ba ƙafa kaɗai take ci ba. Na ga ƙato ya tafi a haka, a kan ciwon da bai kai bakin kofi ba.

Na shafa ƙafar mijinki a hankali. Fata ba ta fashe ba, yatsu da ɗumi, na ce ya motsa su ya motsa. Na sa aka fero sandunan reshen kwakwa, na tallafe ta a yadda na same ta, daga sama da gwiwa har idon sawu, na ɗaure da igiyar da na murza da cinyata. A kan allon kwalekwale aka ɗauke shi zuwa wurin nas Tokarei. Ita ta kira jirgi, aka tafi da shi babban asibiti a Tarawa.

Ya dawo mana yanzu da siminti tun daga cinya har yatsu, fari fat, kamar an fara binne shi an fasa. Sun ɗauki hoton ƙashin. Ya ce likita ya nuna masa, karayar a karkace take, irin yadda yake yanka kan fure. Ban ji daɗin jin haka ba. Wadda ta karye a miƙe, baki biyun suna zama a kan juna kamar an kifa ƙoƙo a kan ƙoƙo. Wadda ta karye a karkace kuwa zamewa take yi, da ka ɗora mata nauyi sai ɗaya ya sulluɓe kan ɗaya, ƙafa ta gajarta. An ce kada ya taka ta sam, kada ruwa ya taɓa simintin, har sai an sake ɗaukar hoto.

Kada ki ce ai ke ma kin taɓa karyewa kin warke kafin wata ya mutu. Kina shekarun fara makaranta kika faɗo daga bishiya. Ƙashin yara ɗanye ne, lanƙwasa yake yi ya tsage ta gefe ɗaya kamar ɗanyen reshe, ka miƙar da shi ya manta. Mijinki ya wuce arba'in, kuma yana zuƙar taba kamar murhu. Tokarei ta ce taba tana hana ƙashi kamawa, don haka na kwashe ta na ɓoye. Ya ce, "Inna, ko guda ɗaya." Na ce, "Ka tashi ka ɗauko mana."

Kin san ni, har yau ban ga abin da kika gani a jikin ɗan Butaritari ba, mutanen arewa masu ruwan sama da ayaba. Amma a gidana ya faɗi. Ina dafa masa ƙananan kifi ya tauna har ƙayar, ina ba shi karewe da ɗan Arieta yake yanko mana, ni nake kwashe masa tukunyar bayan gida. Ki rubuto mini ni, ba ki riƙa hira da shi a waya kuna ce wa juna da sauƙi ba.

Ki gaida waɗanda kuke ɗaki ɗaya. Allah ya tsare.

Uwarki,
Nei Kaitiro


Nonouti, wata na biyu da faɗuwarsa

Teretia,

Mauri. Ina fatan kina lafiya. Ni lafiyata ƙalau, raina ne a ɓace, kuma har da ke a ciki. Arieta ta ce in sha ruwa tukuna. Na sha. Rubuta.

Ciwo ya bar mijinki, abin da nake tsoro ke nan tun farko. Kumburi ya saɓe, yana barci, yana dariya, yana zura tsinken kwakwa cikin simintin yana susa duk da an hana shi. Sai ya fara cewa, "Inna, ni fa na warke. Ba na jin komai." Na ce masa gawa ma ba ta jin komai.

Bari in gaya miki yadda kakanki ya koya mini, da kwakwa a hannunsa. Ya ce in ƙashi ya karye, jini ne yake fara taruwa a wurin ya daskare, wannan kamar ruwan ɗanyar kwakwa ne. Sannan ya zama kamar naman nan mai laushi da ake kwasa da cokali a ba jariri. Ya haɗa baki biyun, ya hana su gogar juna, shi ya sa ciwo yake tafiya. Amma wa yake tsayawa a kan abin da ake kwasa da cokali? Sai ya yi tauri kamar naman busasshiya, sannan ya zama ƙoƙo. Tokarei da ta yi karatu ta ce haka yake a littafinsu, sunayen ne dai daban. Mijinki yana wurin cokali, yana ganin ya kai ƙoƙo.

Ana cikin haka sai ga kawunki Kabiri, yayana, da sandarsa da hularsa ta saƙa. Kin san an sabunta rufin maneaba, babban zauren taronmu, kowane gida ya kai ganyen rufi da igiya, ni ma na murza har cinyata ta sale. Saura ƙoƙuwar rufin, can sama inda gefe biyu suka haɗu. Ɗinkinta ba kowa ya iya ba. Tun da tsohon da ke yi mana ya rasu, Ioteba kaɗai ya rage, ya gada wurin ubansa, kuma irin sanin nan ne da ba a koya wa bare, sai ɗan cikinka. Ga biki an sa rana, Fada, limamin coci, zai zo ya sa albarka, an gayyaci ƙauyuka.

Kabiri ya zauna, na miƙa masa karewe, ya karɓa da hagu kamar kullum. Ya tambayi jiki. Mijinki, uban baki, ya ce ai ya warke. Sai kawunki ya gyara zama ya ce, "Ioteba, na bubuti ka. Ka hau ka ɗinke mana ƙoƙuwa kafin biki."

Ko kin manta abin da bubuti yake nufi, tunda kin zauna a ƙasar da mutum yake ce wa ɗan'uwansa a'a ya ci gaba da shan shayinsa? Roƙon da ba a ƙi. Da shi aka raba ni da keken ɗinkina, da shi ni ma na samo ragar da ubanki ya ciyar da ku. Ban raina shi ba, shi ya riƙe mu a kan wannan yashin. Amma ana roƙon mutum abin da yake da shi ne. Na ce, "Yaya, ba ka ga siminti ba ne?" Ya ce, "Ke, da maza nake magana." Mijinki ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba."

Da ya tafi na ce masa, "Da wace ƙafar?" Ya ce, "Inna, ni baƙo ne a garin nan. Ba ni da ƙasa, a ramin gwazarku, babai, nake ci. In na ƙi, gobe a ce ɗan arewa ya ci namu ya hana mu nasa. Da wane ido zan zauna a maneaba?" Na ce da ido biyu da ƙafa biyu. Bai yi dariya ba.

Washegari na tafi tono babai. Na dawo ban same shi a kan tabarma ba, sai sawun sanda da sawun jan gindi har bakin ruwa. Ga shi zaune cikin ruwa har ƙugu, Rotan yana gefe da wuƙar yankan karewe, suna jiƙa simintin yana narkewa kamar garin rogo, suna ɓamɓarewa. Wai Rotan zai murza masa da man kwakwa, jijiya ta saki, ya ji ƙarfin hawa. Murza, a kan ƙashin da bai kama ba. Rotan ya hango ni ya ce, "Inna Kaitiro, sannu da aiki," ya bi ta cikin ruwa bai ko waiwayi wuƙarsa ba. Tana wurina.

Tokarei ta zo a kan babur, ta duba, ta zauna a ƙasa ta riƙe kai. Ta ce, "Ioteba, ka san jirgi nawa na roƙa kafin a ɗauke ka?" Allah ya taimaka ƙashin bai zame ba. Ba ta da siminti a ɗakin magani, sai jirgi ya kawo. Muka ɗaure ta ni da ita, ita da bandeji ni da sandunan kwakwa. Ƙafar ta rame ta yi fari kamar cikin kifi, a kanta zai hau rufin da ya fi bishiyar da ta kayar da shi.

Sai kuma aka kawo mini saƙonki a waya, Arieta ta karanta mini sau biyu don na ce ba ke ba ce. Wai, "Inna, ki bar shi ya yi, kada ki ja mana abin kunya, ai ya ce ya warke." Ke da kike juya tsofaffi a gado kullum? Kakarki santsi kawai ta taka a bakin rijiya, ƙashin ƙugu ya tafi, ba ta sake tashi ba, ni na yi jinyarta har ƙarshe. Na san yadda mutum yake komawa in ƙafa ta ƙi shi. In mijinki ya gurgunce, kunya ce za ta hau kwakwa ta yanko muku karewe? Kunya ce za ta tura kwalekwale? Waɗanda kike jin kunyarsu za su kawo kifi sati ɗaya, sannan su sa masa suna.

Har yanzu yana cewa zai hau. Dattawa za su zauna ranar Lahadi bayan coci. Zan je.

Uwarki, ko kina so ko ba kya so,
Nei Kaitiro


Nonouti, bayan biki

'Yata Teretia,

Mauri. Ya aiki, ya sanyi? Na ji an ce kin yi mura, ki riƙa rufe ƙirjinki. Na san an riga an kai miki tsegumi cewa uwarki ta haukace a maneaba. Ga yadda aka yi, daga bakin mahaukaciyar.

Ranar Lahadi aka taru, kowane gida a gurbinsa, dattawa a gaba, mu mata a baya inda aka ajiye mu. An kawo mijinki a baro da sabon siminti, jirgi ya kawo simintin, Tokarei ta sa masa. Kawunki ya tashi ya yi jawabi mai tsawo, ya ce ya bubuti Ioteba kuma ya amsa, za a yanke simintin a kafa masa tsani. Aka tafa.

Ban taɓa magana a maneaba ba tun da aka haife ni. Na tashi, na sunkuya kamar yadda ake yi, na ratsa har tsakiya na zauna a gaban baron. Wani dattijo ya ce, "Kaitiro, kin ɓata hanya ne?" Na ce, "A'a, Baba, roƙo na zo yi, ko an hana mata roƙo?" Ba a hana ba, sun sani.

Na ce, "Ioteba, tun da ka auri 'yata ban taɓa roƙonka ko ashana ba. Yau na bubuti ka. Ka ba ni ƙafarka ta dama, daga gwiwa har yatsu."

Aka kwashe da dariya. Rotan har da faɗuwa. Ni ban yi ba, na zuba masa ido. Ya dube ni, ya dubi Kabiri, ya ga dai a gaban jama'a aka roƙe shi, kuma surukarsa ce. Ya ce, "Taki ce, Inna."

Na juya na ce, "Yaya, ka roƙi Ioteba ya hau, ya amsa, ban hana ba. Ya hau. Amma ƙafata ba ta zuwa ko'ina." Dariya ta ragu. Kowa a wurin ya taɓa cewa babur ɗin nan ba nawa ba ne, na ƙanena ne, don kada a roƙe shi. Ba a ba da abin wani, sun san wannan sarai.

Kawunki ba wawa ba ne. Ya yi murmushi ya ce, "To, ƙanwata, tunda taki ce, na bubuti ki ita."

Na san zai faɗi haka, ciki ɗaya muka fito. Na ce, "Ba zan ƙi ba, uba ɗaya ya haife mu. Miƙo hannunka na dama, ka buɗe tafin sama, in zuba maka."

Teretia, kin taso kin ga kawunki yana karɓar komai da hagu, har jibin Ubangiji a coci, kin ɗauka haka aka haife shi. Ba haka aka haife shi ba. Yana saurayi sandar kwalekwale ta buge shi, ƙasusuwan nan biyu na tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu suka karye. Babanmu ya ɗora su, ɗori mai kyau, ni na riƙe masa kai yana cizon zanena. Ciwo ya tafi. Sai wani dattijo ya zo ya bubuti shi ya raka shi kamun kifin shak, don babu mai ƙarfin jan igiya kamarsa. Babanmu yana zaune, ya san hannun bai kai ba, kunya ta hana shi buɗe baki. Kabiri ya kwance ɗorin ya tafi. Hannun bai sake karyewa ba, lanƙwashewa ya yi a hankali, ya kama a haka. Tun ranar tafinsa ƙasa yake kallo. Babanmu ya ɗora ɗaruruwan mutane suka miƙe, ɗansa na cikinsa yana yawo da karkataccen hannu a gabansa har ya mutu. In suna cin abinci ba ya iya kallon wajen.

Duk wannan na faɗa a maneaba, da ƙarfi, don matasa ba su sani ba, tsofaffi kuma sun yi kamar sun manta. Kabiri ya ɗaga hannun. Wallahi ya gwada, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya juya rabi ya tsaya, inda yake tsayawa shekara hamsin. Ya mayar da hannun cikin cinyarsa ya ce, "Riƙe kayarki."

Arieta ta tsaya da rubutu wai in ce na yi nadama. Ban yi ba. Na ji zafinsa, yayana ne, shi ya goya ni. Amma gara ya ji kunya da a ce an sami na biyunsa.

Saura ƙoƙuwa, ga rufi a buɗe, ga biki. Aka yi ta gunaguni. Can sai mijinki ya ce a tura baron tsakar fili, a kira Baraniko ɗan Kabiri ya hau. Yana ƙasa, Baraniko yana sama, yana ɗaga murya yana gaya masa inda zai soka tsinken, yadda zai juya igiya, ƙulli bayan ƙulli. Gari duka yana ji. Abin da ubansa ya raɗa masa a kunne, wanda yake ajiye wa ɗanku in Allah ya kawo, ya zama na kowa. Rotan ma yanzu cewa yake ya iya.

An yi biki, an yi rawa, rufi bai zuba ba. Mijinki ya daina yi mini magana sai gaisuwa. In na ajiye kifi ya ci, ya tura kwanon. Kawunki in ya hango ni sai ya sauya hanya. Matan ƙauye kuma sun sa mini suna, Mai Ƙafa Uku. Su sa. Ke ma in kina fushi ki shiga layi.

Ki sha magani, ki daina fita da jiƙaƙƙen gashi.

Uwarki,
Nei Kaitiro


Nonouti, watan rosari, na addu'ar carbi

'Yata,

Mauri, mauri. Na ga kayan da kika aiko, rigar ta yi mini yawa amma zan sa. Takardar da ke ciki ma Arieta ta karanta mini. Ba sai kin ba ni haƙuri ba, ki dai riƙa jin magana.

An koma da shi Tarawa an ɗauki hoto, an cire siminti. Ƙashi ya kama, a miƙe, ƙafa biyu tsawonsu ɗaya, na gwada da igiya da kaina. A wurin karayar akwai ƙulli kamar ƙwan kaza a ƙarƙashin fata. Ya tsorata, na ce ya bar shi, ɗaurin da jiki ya yi ne, a hankali zai lashe abinsa ya koma sumul. Yana takawa da sanda, idon sawun ya ƙage, kullum da safe ina kai shi ruwa yana motsa shi. Yanzu ne man kwakwa yake da amfani, a kan naman da ya kwanta, ba a kan karaya ba. Likita ya ce tafiya e, hawa sai bayan sabuwar shekara.

Ya dawo da yi mini magana, har ta yi yawa. "Inna, ƙafarki tana ƙaiƙayi." "Inna, ƙafarki tana son zuwa kallon ƙwallo." Jiya ya ce ƙafata tana sha'awar taba. Na ce ƙafata ba ta shan taba.

Shekaranjiya ina kankare kwakwa sai ga Kabiri da kifi a hannun hagu. Bai gaishe ni ba. Ya ajiye, ya zauna kusa da Ioteba, ya ce, "Mu gani." Ya daɗe yana shafa ƙullin nan da yatsa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Babanmu zai so ya ga wannan." Na shiga ɗakin girki, hayaƙi ya dame ni. Da na fito ya miƙo mini karkataccen hannun ya ce yana masa tsami in za a yi ruwa, ko da sauran man. Na shafa masa.

Da ya tafi mijinki ya dubi doguwar kwakwar nan, ya gyara murya ya ce, "Inna, in na bubuti ki ƙafar fa?" Na ce, "Za ka roƙa, zan ba ka, ba na ƙi. Amma ka dubi idona ka roƙa." Ya dube ni, ya dube ni, sai ya yi dariya ya ce, "Bari dai ta ƙara kwana a wurinki."

Don haka tana hannuna. Kin ce za ki zo Kirsimeti. Ki zo da ƙafarki, ki zauna a tabarmar nan, ki roƙe ni da bakinki, in ba ki ƙafar ɗana ki mayar masa. Arieta ta ɗago kai wai ɗana na ce ko mijinki. Rubuta yadda na faɗa.

Allah ya kawo ki lafiya.

Uwarki,
Nei Kaitiro